Sansanin Davisville: rufe barikin soja asara ce ga gari ko riba?

Sarkin_Labari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai. Duk inda aka ce za a rufe sansanin soja, sai ka ji mutanen garin sun ɗora hannu a ka, wai kasuwa za ta mutu, masu gidan haya za su shiga uku. Ni kuwa ra'ayina shi ne sau da yawa rufewar ce alheri. Hujjata ita ce Davisville, a jihar Rhode Island ta Amurka. Sansanin sojan ruwa ne da aka buɗe a 1942, aka rufe a 1994. Yau filinsa da na maƙwabcinsa, sansanin jiragen sama na Quonset Point, sun zama unguwar masana'antu mai kamfanoni sama da 200, tashar jirgin ruwansa kuma tana cikin manyan mashigar sababbin motoci a Amurka. Da soja na nan, da har gobe shinge ne da mai gadi. Wa ke da ja?

Dan_Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, nan ne suke ƙera jiragen yaƙinsu?

Injiniya_Zariya: A'a ƙanena, ba a ƙera jirgi a Davisville ba. Gida ne na magina. Sojan ruwan Amurka suna da bataliyoyi na masu aikin gini zalla, waɗanda ake kira Seabees: birkiloli, kafintoci, masu walda, masu aikin wuta da famfo, direbobin katafila da gireda. Aikinsu shi ne idan aka kama tsibiri ko gaɓar teku, su sauka su share daji, su shimfiɗa filin jirgin sama, su kafa sito da asibiti da tankin mai. A Davisville ake horar da su, a can kuma ake tara kayan aikin a loda a jirgi. Ɓangaren horon sunansa Camp Endicott, kuma sama da mutum 100,000 ne suka bi ta cikinsa a yaƙin duniya na biyu.

Tsohon_Saje: Injiniya ya faɗi daidai. Bari in ƙara dalilin da ya sa aka kafa su, domin abu ne da duk wanda ya taɓa sa kaki zai gane. Kafin yaƙi, 'yan kwangila farar hula ne ke gina wa sojan ruwa sansanoni a tsibiran Pasifik. Da Japan ta kai hari a Disamba 1941, sai aka ga matsalar. Farar hula ba shi da horo, kuma idan ya ɗauki bindiga ya kare kansa aka kama shi, dokar yaƙi ba ta ba shi kariyar da take bai wa soja. A tsibirin Wake, Japan ta kama ma'aikatan gini sama da 1,000, daga baya ta kashe 98 daga cikinsu. Shi ya sa Adimiral Ben Moreell, wanda ke riƙe da sashen gine-gine na sojan ruwa, ya nemi a ba shi izini ya ɗauki magina a matsayin soja. Ranar 5 ga Maris 1942 suke ƙirgawa a matsayin ranar kafuwarsu. Kuma ba yara aka ɗiba da farko ba, gogaggun ma'aikata ne da suka gina madatsun ruwa da dogayen benaye. Matsakaicin shekarun na farkon 37 ne.

Malama_Hadiza_Tarihi: Baba Saje, a gafarce ni da ɗan gyara. Kashe mutum 98 ɗin nan a Oktoba 1943 aka yi shi, lokacin Seabees sun fi shekara ɗaya da rabi da kafuwa. Saboda haka kama su ne ya ƙara wa Moreell hujja, ba kisan ba. Shi ma tun ƙarshen Disamba 1941 ya aika da takardar neman izinin.

Tsohon_Saje: Malama, ai "daga baya" na ce. Mu ci gaba.

Dan_Fagge: Shekara 37 a soja? Ashe har yanzu ina da dama 😂

Direban_Tirela_RI: Jama'a ina wuni. Ni a Providence, babban birnin Rhode Island, nake zaune, kuma aikina kenan, ɗaukar sababbin motoci daga tashar Davisville zuwa wajen dillalai. Malam Sarkin_Labari bai yi ƙarya ba game da yadda wurin yake yanzu. Idan jirgi ya sauke kaya, sai ka ga fili iya ganinka motoci ne jere, Volkswagen, Audi, Porsche, Subaru, da fararen ledojinsu. Amma akwai abin da bai faɗa ba. Wanda ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a wurin nan kamfanin Electric Boat ne, kuma abin da suke yi shi ne sassan jiragen yaƙi masu nutso a ƙarƙashin teku. Su haɗa ɓangaren jirgi a nan, a ɗora shi a kan babban kwale-kwalen dakon kaya zuwa Groton a jihar Connecticut. Wa ke biya? Sojan ruwa. Ga kuma dakarun sama na jihar da jiragensu C-130 a filin jirgin Quonset. To soja ya tafi ne, ko kuwa kaki kawai ya cire?

Sarkin_Labari: Na ji, Direba. Amma ko ba komai yanzu ma'aikacin farar hula ne, yana karɓar albashinsa ya koma gida ya biya harajin gari. Kuma filin ya shiga hannun jiha.

Malama_Hadiza_Tarihi: Malam, inda lissafinka ya karkace shi ne shekarar da ka ɗauka. Ka ce an rufe a 1994, kamar ran nan aka sa kwaɗo, washegari motoci suka fara sauka. Ainihin dukan a 1973 aka yi shi. A Afrilun shekarar gwamnatin Shugaba Nixon ta sanar da rufe sansanin jiragen sama na Quonset Point, ta kuma kwashe jiragen yaƙin da ke Newport a ɗaya gefen mashigin tekun. A 1974 aka rufe Quonset, bataliyoyin magina kuma aka mai da su Gulfport a Mississippi da Port Hueneme a Kalifoniya. Abin da ya rage a Davisville daga nan 'yan tsirarun masu kula da sito ne. A lokacin, sojan ruwa ne suka fi kowa ɗaukar ma'aikata a Rhode Island, jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a Amurka. Dubban mutane suka rasa aiki kusan lokaci guda. Wanda ke da shekara 50 a 1974 bai ga wannan unguwar masana'antun da kake yabo ba. Hukumar da ke tafiyar da wurin yanzu, Quonset Development Corporation, sai a 2005 ta fara aiki. Ka ƙirga tsakanin.

Wani abin ban dariya: shi kansa Nixon a Quonset Point ya yi horon zama hafsan sojan ruwa a 1942.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ikon Allah. Gidan da ya koya maka sara, kai ka sa masa kwaɗo.

Injiniya_Zariya: Tun da an ambaci Quonset, ku bar ni in ɗan ratse, domin ni a wajena nan ne daɗin labarin yake. A 1941, tun kafin a kafa Seabees, sojan ruwa suka ce wa kamfanin George A. Fuller, wanda ke gina musu Quonset Point, suna son ɗaki da za a iya tura shi ko'ina a duniya a cikin akwati, kuma wanda bai iya gini ba ya harhaɗa shi. Injiniyoyin suka ɗauki samfurin rumfar Nissen ta sojan Ingila ta yaƙin duniya na farko suka gyara. Ku ɗauka an tsaga duro gida biyu ta tsawonsa an kife rabin a ƙasa, to haka siffarsa take: ƙarafa masu lanƙwasa, a lulluɓe da kwano, a sa katako a ƙasa, a sa abin tare zafi da sanyi a ciki. Na farko faɗinsa ƙafa 16 ne, tsawo 36. Daga baya aka koma 20 da 48. A West Davisville aka kafa masana'antar farko. Kafin yaƙi ya ƙare an yi sama da 150,000.

Hikimar ita ce babu bango daban da rufi daban, saboda haka babu ginshiƙi a tsakiya, kuma lanƙwasassun ƙarafan suna shiga cikin juna idan za a loda, ba sa cin wuri a jirgi. Mutum goma za su tayar da ɗaya a yini guda. Aka yi ɗakin kwana da shi, aka yi ɗakin tiyata, gidan burodi, coci, wurin gyaran injin. Bayan yaƙi aka sayar wa jama'a, jami'o'i suka zaunar da ɗalibai masu iyali a ciki.

Abu na biyu ya ma fi burge ni. Wani Kyaftin John Laycock ya yi ta gwaji da akwatunan sigari a ofishinsa, yana ɗaure su da juna, har ya fito da akwatin ƙarfe mai yawo a ruwa, ƙafa 5 da 7 da 5. Ka jera su ka ɗaure da dogon ƙarfe da noti, ka samu gada. Ka sa masa inji a baya, ka samu jirgin dako. A ruwan Davisville aka gwada su. Amfaninsu ya fito a tsibirin Sisili na Italiya a Yuli 1943: gaɓar ba ta da zurfi, manyan jiragen da ke ɗauke da tankoki ba za su iya matsowa bakin ƙasa ba, masu tsaron gaɓar kuma sun dogara da hakan. Sai ga Seabees da gadoji biyu masu tsawon ƙafa 175 kowace, aka haɗa su, tankoki suka bi ta kai suka hau tudu. A Nomandi ta Faransa ma a 1944 da irin akwatunan nan aka yi manyan kwale-kwalen da suka yi ta jigilar motoci zuwa gaɓa.

Dan_Fagge: Injiniya, irin wannan ɗakin kwanon na taɓa ganinsa a wani tsohon bariki lokacin muna yara. Zafi a ciki kamar me.

Injiniya_Zariya: Waɗanda ke ƙasashen da Ingila ta mulka galibi Nissen ne, ba Quonset ba. Siffar ce ɗaya. Zafin kuwa, kwano ne, ba ruwansa da wanda ya ƙera shi.

Yar_Zangon_Kumasi: Kakana ya je yaƙin Bama tare da sojojin Afirka ta Yamma, kuma abin da ya fi ba mu labari ba harbi ba ne, sara daji ne da ɗaukar kaya a ka. Da nake karanta bayanin Injiniya sai na ga bambancin. Su can an ba maginansu katafila da albashin gwani, namu adda aka ba su. Ina da tambaya: akwai baƙaƙen fata a cikin Seabees ɗin nan?

Malama_Hadiza_Tarihi: Akwai, 'yar uwa, amma a ware. Bataliya ta 34 da ta 80 na baƙaƙe ne, hafsoshinsu farare. Ta 34 ta yi aiki a tsibiran Solomon, ta dawo, amma ana hana mutanenta ƙarin girma, ana kawo farare a ɗora a kansu. A Maris 1945, a Port Hueneme, kusan mutum 1,000 suka ƙi cin abinci na kwana biyu, alhali suna ci gaba da fita aiki don kada a ce sun yi tawaye. Ƙarshenta aka cire kwamandan. Ba a Davisville abin ya faru ba, amma rundunar ɗaya ce.

Bakon_Agadas: Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Malam Sarkin_Labari ta taɓa mu. Mu nan an gina mana sansanin jirage marasa matuƙi a bayan gari, wanda ake kira 201, aka kashe wajen dala miliyan 110. A Maris 2024 hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Agusta Amurkawan suka kwashe nasu ya nasu suka fita. Sojan sama ne suka gina namu, ba Seabees ba, amma tambayar ɗaya ce: me ya rage wa gari? Davisville na bakin teku, ga layin dogo, ga babbar hanya, ga Boston da New York kusa. Ko soja bai taɓa zuwa ba wuri ne mai daraja. Mu titin jirgi ne a cikin hamada, kuma hannun soja ya koma, ba hannun 'yan kasuwa ba. Yaran da ke shara da wanki da dafa abinci a ciki sun dawo gida. Don haka kada a ɗauki misali ɗaya a yi wa duniya hukunci da shi.

Sarkin_Labari: Yaya na Agadas, ai "sau da yawa" na ce, ban ce kullum ba. Kuma shekara nawa da fitarsu? Malama ta ce Rhode Island ma sai da ta jira shekara 30.

Bakon_Agadas: To ka ga ka dawo kan maganarta kenan 😄

Maman_Ikram: Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, domin aikina kenan. Duk kuna maganar abin da ke saman ƙasa, ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashi. Tun a 1989, kafin a rufe shi, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa Davisville a jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, waɗanda dole a tsabtace. Shekara da shekaru ana zubar da ragowar fenti, baƙin mai, man taransfoma da sinadaran wanke ƙarfe. Akwai juji a bakin ruwan Allen Harbor da aka yi ta cikawa daga 1946 zuwa 1972, sai da aka zo aka lulluɓe shi gaba ɗaya. A wani gefen da ake kira Calf Pasture Point an binne gwangwanayen sinadari, ya tsiyaya ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan ba ya fita da shekara biyu ko uku. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji ana ɗibar ruwa ana aunawa shekara bayan shekara, kuma akwai filayen da aka miƙa da sharaɗin kada a sha ruwan ƙasansu.

Abin lura shi ne a can doka ta tilasta wa sojan ruwa su biya kuɗin sharar, don a ƙasarsu ne, akwai kotu, akwai 'yan jarida, akwai 'yan majalisar da jama'a za su tsare. Idan sansanin a ƙasar wasu yake fa? Wa ke zuwa ya auna rijiyar?

Bakon_Agadas: Allah ya saka, Maman Ikram. Ba ni da abin ƙarawa.

Tsohon_Saje: Kada dai mu mai da mutanen nan 'yan zubar da shara kawai. An sake buɗe Davisville a 1951 saboda yaƙin Koriya, daga nan kuma aka yi ta tura bataliyoyi Biyetnam. Amma aikin da ni na fi jinjina musu shi ne na Antatika. A 1955 aka haɗa wata bataliya ta musamman a Davisville, su suka je suka gina tashar McMurdo, sannan aka sauke wasunsu da jirgi a tsakiyar ƙanƙara suka gina tashar bincike a ƙuryar kudancin duniya. Wani matashi direban katafila, Richard Williams, ƙanƙara ta fashe da shi a Janairu 1956, ya nutse da motarsa. Har yau filin jirgin da ke kusa da McMurdo sunansa yake ɗauke da shi. Mu da sanyin hunturu ke hana mu wanka, sai mu yi shiru.

Lauya_Mai_Gaskiya: Baba, da girmamawa, tun da ana lissafa inda suka je, a sa Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran Chagos a tekun Indiya. A Maris 1971 bataliya ta 40, wadda gidanta Davisville ne a lokacin, ta sauka a tsibirin ta fara share filin jirgi. A daidai wannan tsakanin Ingila ke kwashe mutanen Chagos daga tsibiransu tana zubar da su a Mauritius da Seychelles, kuma yawancinsu jikokin bayin da aka kawo daga Afirka ne. A 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa raba tsibiran da Mauritius bai halatta ba. Ban ce maginin da ke tuƙa buldoza shi ya yanke hukuncin ba. Amma a gidan tarihi za ka ga hoton titin jirgi, da wuya ka ga hoton ƙauyen.

Tsohon_Saje: Soja inda aka tura shi yake zuwa, Lauya. Ka kai ƙarar inda ta dace.

Direban_Tirela_RI: Gidan tarihin da Lauya ya ambata yana nan a gefen tsohuwar ƙofar shiga, tsofaffin Seabees ne suka haɗa shi da kansu. Akwai rumfunan Quonset da suka tsira, da wani ƙaramin coci na kankare da maginan suka gina a 1963, da ƙaton mutum-mutumin tambarin Seabees, wato ƙudan zuma da hular sojan ruwa, riƙe da bindiga da sifana da guduma. Wani ma'aikacin ofis a Quonset, Frank Iafrate, shi ya zana tambarin a 1942. Ban da waɗannan, yawancin gine-ginen Camp Endicott an rushe su.

Ga kuma wani abu ga Malam Sarkin_Labari. Tashar nan ba haka kawai masu motoci suka so ta ba. A yawancin tashoshin Amurka ana karɓar harajin yashe hanyar jirgi a kan kayan da aka shigo da su, Davisville kuwa ba a karɓa, domin ba gwamnatin tarayya ke yashe ta ba. Idan jirgi ya ɗauko dubban motoci masu tsada, wannan ɗan kason kuɗi ne mai yawa. Sannan a 2016 sai da masu zaɓe a jihar suka amince a ci bashin dala miliyan 50 don gyaran ɗaya daga cikin matsayar jiragen da soja suka bari, don ta tsufa. Jama'a ne suka zuba kuɗinsu.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ni abin da ban gane ba, 'yan majalisarsu suna ina aka rufe? A ce za a ɗauke bariki daga mazaɓar mutum ya yi shiru?

Lauya_Mai_Gaskiya: Hajiya, sun yi ta hana ruwa gudu, shi ya sa aka canja tsarin. Bayan abin da ya faru a shekarun 1970, majalisa ta ɗaure hannun ma'aikatar tsaro har rufe sansani ya kusa gagara. Sai aka fito da dabarar kwamiti mai zaman kansa. Kwamitin ya tsara jerin sansanonin da za a rufe, shugaban ƙasa ya amince, majalisa kuma ko ta bar jerin gaba ɗaya ko ta yi watsi da shi gaba ɗaya, ba ta da ikon zare suna ɗaya. An yi haka a 1988, 1991, 1993, 1995 da 2005. Davisville a jerin 1991 ya faɗo, aka sauke tuta ranar 1 ga Afrilu 1994.

Dan_Fagge: Direba, tambaya ta gefe don Allah. Ta nan ake turo mana tokumbo zuwa Kwatano?

Direban_Tirela_RI: A'a, Davisville sababbi ke shigowa. Na hannu da na sani galibi ta Newark ko Baltimore abokaina ke tura su. Ka same ni ta akwatin saƙo kada mu ɓata wa mutane zare.

Sarkin_Labari: Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana cewa North Kingstown, garin da Davisville ke ciki, ta yau ta fi ta zamanin shinge, ma'aikata sama da 10,000 ba wasa ba ne. Abin da zan yarda da shi shi ne ba rufewar kaɗai ta kawo hakan ba.

Malama_Hadiza_Tarihi: Malam, ba a san adadin da za a samu ba da an bar bataliyoyin a wurin. Gulfport da Port Hueneme har yau a buɗe suke, kuma ban ji mutanen can suna roƙon a rufe musu ba.

Maman_Ikram: Kuma ba wanda ya amsa min tambayar rijiya.